Waliyyi ko mai zafin kai? Yadda ake karanta tarihin John Knox

Tambaya: "Malam, ina shekara ta biyu a makarantar tauhidi. An ba mu aikin rubutu a kan John Knox, wanda ake cewa shi ne uban ikilisiyar Presbyterian. Littafi ɗaya da na samu a laburare ya mai da shi kamar annabi Iliya. Ɗayan kuma ya ce mutum ne mai zafin kai, maƙiyin mata, wanda ya sa aka rurrushe majami'u. Wanne zan bi?"

Ɗana, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Ka duba ƙasan shafukan littattafan nan biyu, inda marubutan suke nuna daga ina suka samo maganarsu. Za ka tarar rijiya ɗaya suka ɗebi ruwa, wato littafin tarihin gyaran addini a ƙasar Sikotlan wanda Knox ya rubuta da hannunsa. Mai yabonsa daga can ya ɗauko, mai zaginsa ma daga can ya ɗauko. Saboda haka kafin ka tambayi ko mutumin kirki ne ko a'a, sai ka fara sanin wane irin littafi ne wannan, yaushe aka rubuta kowane sashe nasa, kuma wa ake so ya karanta.

Sashe biyar ne littafin, amma ba a jere aka rubuta su ba. Na biyu ne aka fara, a ƙarshen 1559, lokacin da ake tsakiyar rikici. Manyan ƙasar da suka bi Furotesta sun ɗauki makami a kan Mary ta Guise, wadda ke riƙon sarauta a madadin 'yarta Sarauniya Mary, kuma ana kiransu 'yan tawaye. Aikin wannan sashe shi ne ya wanke su, ya nuna cewa addini kaɗai suke karewa, ba sarauta suke nema ba. Shi ya sa ba za ka ga labarin wasiƙun da suke aika wa Ingila a asirce suna neman kuɗi da sojoji a cikinsa ba, alhali Knox kansa yana cikin masu rubuta wa William Cecil, sakataren Sarauniya Elizabeth. Sai a sashe na uku, bayan an ci nasara, maganar ta fito fili. Sashe na ɗaya kuwa yawancinsa a 1566 ya rubuta, bayan an kashe David Riccio, sakataren Sarauniya Mary, shi kuma Knox ya gudu daga Edinbara zuwa yammacin ƙasar. Mutum ne a lokacin mai ɓacin rai, yana ganin abokan tafiyarsa na da sun sayar da addini don neman muƙami a fada. Wannan ɗacin yana nan a rubutun. Sashe na biyar ba shi ya rubuta ba ma sam, wani ne ya haɗa bayan mutuwarsa. Ɗalibai da yawa suna ɗauko magana daga nan su ce "Knox ya ce", kai kada ka yi haka.

Ga misali guda da zai nuna maka yadda yake aiki. Ya dawo ƙasarsa daga Janeba a ranar 2 ga Mayu 1559. Ranar 11 ga watan ya yi wa'azi a garin Perth a kan bautar gumaka. Da aka tashi, wani limamin Katolika ya shirya zai yi sujadar Mas a cikin majami'ar, wani yaro ya yi masa magana, limamin ya mare shi, yaron ya ɗauki dutse ya jefa, dutsen ya fasa wani mutum-mutumi. Daga nan jama'a suka ɓarke, aka wawashe gidajen sufaye uku na garin aka rushe. A littafin tarihin, Knox ya ɗora laifin a kan zaunagari banza, ya nuna masu wa'azi da manyan gari ba su iya tsayar da su ba. Amma akwai wasiƙar da ya rubuta wa Anne Locke, wata mai bi a Landan, a watan Yuni na shekarar. A cikinta ya ce 'yan'uwa ne suka sa hannu suka yi aikin, yana faɗa da murna, har ya ƙara da cewa an hana limaman Katolika yin Mas a kan hukuncin kisa. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, al'amari ɗaya, amma abin da ya gaya wa duniya daban, abin da ya gaya wa aminiyarsa daban. Andrew Lang ya jera waɗannan biyu kusa da juna a littafinsa na 1905, kuma ko da yake Lang ba ya ƙaunar Knox, a nan gaskiya ce da shi.

Wannan bai sa littafin ya zama na banza ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma Knox yana cikin ɗakin. Ban da haka yana da ɗabi'ar magatakarda. Kafin ya bi Furotesta limamin Katolika ne, an naɗa shi a 1536, ya kuma yi aikin rubuta takardun shari'a da na yarjejeniya a yankin Haddington inda aka haife shi. Ya san darajar takarda. Ya kwafi wasiƙu, sanarwar sarauta, koke-koke da yarjejeniyoyi ya zuba cikin littafin, har da cikakkiyar shaidar bangaskiya da majalisar ƙasa ta amince da ita a watan Agusta 1560. Inda aka samu asalin takardun aka gwada, galibi kwafinsa ya tsaya. Abin da zan ce maka shi ne, ka amince da shi a kan takarda, ka yi hattara da shi a kan niyyar mutane. In ya ce wane ya rubuta kaza ranar kaza, ɗauka. In ya ce Mary ta Guise ta faɗi kaza a ɗakinta tana dariya, tambayi kanka wa ya kawo masa labarin.

Wurin da wannan hattara ta fi zama dole shi ne ganawarsa da Sarauniya Mary, wadda ta dawo daga Faransa ranar 19 ga Agusta 1561, tana 'yar shekara 18, Katolika a ƙasar da ta haramta Mas shekara guda kafin nan. Sun gana sau huɗu tsakanin 1561 da 1563, sannan aka gurfanar da shi gaban majalisar fada a watan Disamba 1563. Kowane littafi yana kawo ganawa ta huɗu, inda ya yi wa'azi a kan maganar aurenta, ta kira shi tana kuka ta ce shi wane ne a ƙasar nan da zai sa baki a aurenta, ya amsa cewa shi talaka ne haifaffen ƙasar, kuma Allah ya sa shi mai amfani a cikinta ko da ba sarauta gare shi ba. Amsa ce mai daɗi, kuma masu rubutu a kan 'yancin talaka sun daɗe suna jawo ta. To amma wa ya rubuta hirar? Shi. Sarauniyar ba ta bar nata bayanin ba. Jakadan Ingila, Thomas Randolph, ya tabbatar a wasiƙunsa cewa ana ganawar, kuma Knox ya taɓa sa ta kuka, amma kalma bi da kalma daga bakin mutum ɗaya muke da ita, kuma a kowace muhawara shi ne mai amsar ƙarshe. Abin da ke burge ni shi ne bai mai da ita wawuya ba. Ya bar mata tambayoyi masu kaifi, kamar inda ta ce shi yana fassara Littafi Mai Tsarki ta wata hanya, limamanta suna fassarawa ta wata hanya, wa za ta gaskata, wa zai yi alƙalanci. Marubucin da ya ƙirƙiri hira gaba ɗaya ba zai ba abokin gabarsa irin wannan makami ba. Don haka ni ina ɗaukar jigon maganar da gaske, ba na rantsuwa a kan lafazin.

Akwai kuma abin da bai rubuta ba. Shekarunsa talatin na farko kusan babu su a littafin. Sai kawai ka gan shi ya ɓullo a ƙarshen 1545 yana riƙe da takobi mai hannu biyu yana tsaron mai wa'azi George Wishart, wanda aka ƙone a St Andrews ranar 1 ga Maris 1546. Yadda ya bar Katolika, wa ya koyar da shi, me ya karanta, shiru. Wannan shirun ya jawo kuskuren da ya daɗe. Tsofaffin littattafai sun ce an haife shi a 1505, har aka yi bikin cikarsa shekara 400 a 1905. A daidai wannan lokaci David Hay Fleming ya nuna cewa shaidar mutanen zamaninsa, irin su Theodore Beza na Janeba, ta fi dacewa da wajen 1514. In littafin da ke hannunka ya ce 1505, kuma ya ce a Jami'ar Glasgow ya yi karatu, ka san tsohon zance yake maimaitawa. Wani John Knox ne daban aka gani a rajistar Glasgow ta 1522, aka ɗauka shi ne saboda shekarun sun yi daidai da lissafin da ba daidai ba.

Haka labarin jirgin ruwa. Bayan an kashe Kadinal David Beaton, babban bishop ɗin Katolika na St Andrews, a watan Mayu 1546, Knox ya shiga ganuwar St Andrews wurin makasan a 1547, Faransawa suka ci ganuwar, ya yi wata 19 yana jan filafili a jiragen yaƙinsu a matsayin fursuna. Ya ba da labarin wani ɗan Sikotlan da aka miƙa wa hoton Budurwa Maryamu aka ce ya sumbata, ya jefa shi cikin kogi. Bai ce shi ne ba. Mai yiwuwa shi ɗin ne, amma masu rubuta tarihinsa sun share "mai yiwuwa" ɗin. Game da kisan Beaton kuwa, babu abin da za ka kare. Ba ya cikin waɗanda suka yi, amma ya kira aikin na ibada, ya kuma ce cikin raha yake rubuta labarin. Mai zarginsa da taurin zuciya a nan bai yi masa ƙage ba.

Maganar ƙin mata ta samo asali ne daga ɗan littafin da ya buga a Janeba a 1558, inda ya ce sarautar mace ta saɓa wa ɗabi'a da nufin Allah. Mary Tudor ta Ingila yake nufi, wadda aka ƙone Furotesta kusan 300 a zamaninta, da kuma Mary ta Guise. Sai ga shi a watan Nuwamba na shekarar Mary Tudor ta mutu, Elizabeth 'yar Furotesta ta hau, ba ta kuwa taɓa yafe masa ba, har ta hana shi ratsa Ingila a hanyarsa ta komawa gida. John Calvin kansa ya rubuta wa Cecil yana nisanta kansa da littafin. Kalmomin da ke ciki masu muni ne, kada ka yi musu kwaskwarima. Amma ka karanta su tare da wasiƙunsa zuwa ga surukarsa Elizabeth Bowes, mace mai yawan shakka a kan cetonta, wadda ya yi shekaru yana lallashi da haƙuri, yana gaya mata cewa shi ma yana fama da irin jarabar. Malamin da zai duba aikinka zai so ya ga ka riƙe biyun a hannu ɗaya. Auren da ya yi a 1564, yana wajen shekara 50, da Margaret Stewart 'yar shekara 17, ya ba abokan gabarsa abin faɗa tun a lokacin, kuma marubutan Katolika irin su Archibald Hamilton da Nicol Burne sun ƙara gishiri har da zargin sihiri. Su ma ɓangare ne a rigimar, ka karanta su da irin idon da ka karanta shi.

Yanzu ga abin da nake ganin zai fi ɗaga aikinka, wato kalmar "uban Presbyterian" da ke cikin tambayarka. Tsarin Presbyterian shi ne ikilisiya ta mulki kanta ta hanyar majalisu, na dattawa a kowace ikilisiya, na gunduma a samansu, har zuwa Babban Taro, fastoci duka matsayi ɗaya, babu bishop. A tsarin da Knox da abokansa biyar suka rubuta a 1560 akwai dattawa, akwai Babban Taro, amma babu majalisar gunduma. A madadinta akwai masu sa ido, kowanne da yankinsa, yana zagayawa yana duba fastoci, an kuwa naɗa biyar. Knox ya yi hidima a cocin Ingila a zamanin Edward na Shida, har an yi masa tayin bishop na Rochester a 1552 ya ƙi. Ya mutu ranar 24 ga Nuwamba 1572. Tsari na biyu, wanda ya kori bishop, a 1578 aka rubuta shi, a zamanin Andrew Melville. Majalisun gunduma a 1581 aka fara kafa su, doka ta amince da su a 1592. Ka ga ke nan Knox bai taɓa zama a majalisar gunduma ba ko sau ɗaya. Ya share fili, wasu suka yi ginin.

Wannan ne ya sa kowane zamani ya sake ƙera Knox yadda yake bukata. A ƙarni na 17 ana faɗa a kan bishop, sai David Calderwood, fasto mai ƙin bishop, ya rubuta tarihi ya jawo Knox ɓangarensa. John Spottiswoode, babban bishop na St Andrews, ya rubuta nasa ya nuna Knox bai ƙi tsarin masu sa ido ba, kuma yana da abin kafa hujja, don mahaifinsa yana cikin mutum shidan nan na 1560, shi ne kuma mai sa ido na yankin Lothian. Littafin Knox ɗin ma bai tsira ba. An fara buga shi a Landan wajen 1587, hukumar coci ta ƙwace kafin a gama. Bugun David Buchanan na 1644, wanda ya fito ana tsakiyar yaƙi da Sarki Charles na Ɗaya, an yi masa ƙari da ragi. Sai da David Laing ya koma kan rubutun hannu, ya fitar da ayyukan Knox cikin juzu'i shida tsakanin 1846 da 1864, sannan aka samu matani mai tsabta.

Littafin naka da ya mai da shi Iliya, in ka bi sawunsa, kusan tabbas zai kai ka ga Thomas McCrie, wanda ya fitar da tarihin Knox a 1811. McCrie malami ne na gaske, ya tono takardun da ba wanda ya taɓa dubawa, har yau ana amfana da shi. Amma fasto ne na wata ƙaramar ɗarika da ta ɓalle daga cocin ƙasa, kuma martani yake yi wa marubutan ƙarni na 18, irin su David Hume da William Robertson, waɗanda suke ganin masu gyaran nan mutane ne marasa wayewa. Abin lura, Robertson shi ma fasto ne na Presbyterian, shugaban masu sassaucin ra'ayi a Babban Taro. Wato rigimar ta cikin gida ce. Da aka yi babbar ɓaraka ta 1843, fastoci fiye da 450 suka fice daga cocin ƙasa tare da Thomas Chalmers a kan 'yancin ikilisiya ta zaɓi fastonta, Knox ɗin McCrie suka ɗauka a matsayin tuta. Yawancin ƙananan littattafan da suka cika laburaren makarantun tauhidi jikokin wannan littafi ne, sun ɗauki yabon sun bar binciken.

Ka tambayi kuma inda wasu mutanen zamaninsa suka ajiye shi. George Buchanan, ɗan Furotesta kuma masani, ya buga tarihin ƙasar a 1582, sau kaɗan ƙwarai ya ambaci Knox. Masana na ƙarni na 20 irin su Gordon Donaldson sun nuna cewa abin da ya yanke hukunci a 1560 shi ne jiragen yaƙi da sojojin Ingila, da mutuwar Mary ta Guise a watan Yuni, da yarjejeniyar Edinbara da ta fitar da sojojin Faransa. A ganina wasu sun wuce gona da iri wajen ƙanƙantar da shi. Ƙarfinsa a bakinsa yake, kuma wa'azinsa kaɗan ƙwarai ya rage a rubuce, don haka abin da ya fi yi shi ne abin da ba mu iya aunawa. Muna da shaidar ido guda mai kyau. James Melville yana ɗalibi ɗan shekara 15 a St Andrews a 1571 ya je sauraronsa a kan littafin Daniyel, da alƙalami da ɗan littafinsa. Ya ce tsohon yana tafe da sanda, bawansa yana riƙe da shi, sai an ɗaga shi ake hawar da shi mumbari. Rabin sa'a na farko a hankali yake bayani. Da ya shiga ɗora nassin a kan al'amuran zamani, yaron ya ce jikinsa ya kama rawa har ya kasa riƙe alƙalami, tsohon kuma kamar zai farfasa mumbarin ya tashi sama.

In kana da hali, ga yadda zan shirya karatun. Fara da littafin Jane Dawson na 2015, domin ta yi amfani da wasiƙun Knox zuwa ga abokinsa Christopher Goodman waɗanda ba a san da su ba a da, kuma sun nuna shi a shekarunsa na ƙarshe mai tsoro da gajiya fiye da yadda McCrie ya zana shi. Sannan ka karanta Knox kansa a bugun W. Croft Dickinson na 1949, juzu'i biyu, wanda ya daidaita rubutun da na zamani, don harshen asali zai wahalar da kai. Kada ka ce za ka cinye shi duka, sashe na biyu da na huɗu sun ishe ka. McCrie ka ajiye shi ƙarshe, ka karanta shi a matsayin shaida a kan 1811. In kana son ganin yadda gyaran ya sauka a kan talaka, nemi kundin zaman dattawan ikilisiyar St Andrews na 1559 zuwa 1600, wanda Hay Fleming ya buga. Can za ka ga ƙarar aure, da zage-zage, da waɗanda aka kama suna ciniki ranar Lahadi, da rabon kuɗin matalauta. Asalin kundayen Babban Taro na farko kuwa ba za ka same su ba, an kai su Landan don wani bincike na majalisa, suka ƙone a gobarar majalisar dokoki ta 1834. Abin da ya rage kwafi ne da gutsattsari, wani ɓangare daga hannun Calderwood, wanda ka riga ka san ɓangarensa.